An Ƙirga Shanunmu, Yaushe Za A Ƙirga Ciwonmu?

Ya ku 'yan uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalai, da mahauta, da dukkan masu cin abinci a bayan dabba, na nan Treichville da Adjamé da Port-Bouët, har zuwa rugagen arewa wajen Korhogo da Ferkessédougou da Bouna.  A wannan fitowa muna so mu tattauna wata magana wadda yawancinmu ba su ɗauke ta a bakin komai ba, alhali kuwa da ita ake raba magani da allura da asibiti a ƙasar nan ta Kwaddibuwa. Maganar ita ce ta mutanen nan masu yawo gida-gida da takardu, ko da 'yar na'ura a hannu, suna tambayar mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye, nawa suka rasu, suna auna nauyin yara, suna ɗiban ɗigon jini a yatsa.

Mun san halinmu. Da zarar an ce ga masu rubutu sun shigo layi, sai maigida ya sulale ya nufi masallaci, uwargida ta ce ba ta jin Faransanci, baƙon da ya sauka jiya daga Maraɗi ko Mopti ya shige bayan shago. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, kanmu muke cuta da wannan guje-guje. Har ila yau, ko da mun daina gudu, yadda aka tsara aikin shi kansa yana tsallake mu. Saboda haka gyara biyu ake bukata, ɗaya a wuyan hukuma, ɗaya a wuyanmu.

Da farko bari mu bayyana ko mene ne wannan aiki, domin rashin sani ya fi dare duhu. A ƙasashen da suka ci gaba, kusan kowace haihuwa da kowace mutuwa ana rubuta ta, har da dalilin mutuwar, don haka hukuma na buɗe littafinta ta san abin da ke kashe mutanenta. A ƙasashenmu kuwa, yara da yawa a gida ake haihuwarsu, a gida suke rasuwa, a yi musu sutura kafin la'asar, babu wanda ya rubuta. Littafin asibiti bai san kowa ba sai wanda ya je asibiti. Domin cike wannan giɓi ne aka ƙirƙiro binciken gida-gida. Tunda ba za a iya tambayar kowa da kowa ba, sai a zaɓi wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a su tsaya a madadin saura, kamar yadda mai sayen hatsi ke zura hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan, ya san irin abin da ke ciki.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan bincike shi ne wanda hukumar ba da agaji ta Amurka, wato USAID, ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984, wanda ake kira DHS, masu Faransanci kuma suke ce masa EDS. An yi shi fiye da sau 400 a ƙasashe sama da 90. A nan Kwaddibuwa an yi shi a 1994, da 1998 zuwa 1999, da 2011 zuwa 2012, da kuma 2021, ban da na musamman kan cutar sida da aka yi a 2005. Hukumar UNICEF ita ma tana da nata mai kama da shi, wanda aka yi a 2016. Yadda ake yi shi ne, hukumar ƙididdiga ta ɗauko taswirar da aka zana lokacin ƙidayar jama'a, wadda ta yanka ƙasa zuwa ƙananan yankuna dubbai. Sai a zaɓi wasu ɗaruruwa daga ciki, a je a jera dukkan gidajen da ke kowane yanki, sannan a sake zaɓen wasu gidaje daga jerin. A cikin gidan da aka zaɓa za a tambayi matan da ke tsakanin shekara 15 da 49, da wasu daga cikin maza, a auna yara, a duba ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. A 2021 gidaje wajen dubu 15 aka shiga, kuma da bakinsu aka yi magana a madadin mutum sama da miliyan 29.

Kada wani ya ce aikin banza ne. Mu mazauna Treichville mun fi kowa sanin amfanin ƙirga, domin a babban asibitin unguwarmu ne aka kafa cibiyar binciken nan ta RETRO-CI a ƙarshen shekarun 1980, haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya ta ƙasa da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A wancan lokaci majiya ƙarfi na ta mutuwa da rama da gudawa da tari, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce. Likitoci kuwa sai suka koma ɗakin ajiye gawa neman gaskiya. A tsakanin 1988 da 1989 suka duba gawar manya 698 a manyan ɗakunan ajiye gawa biyu na Abijan, suka tarar kashi 41 cikin 100 na mazan, da kashi 32 na matan, suna ɗauke da ƙwayar cutar sida. Sakamakon da Dokta Kevin De Cock da abokan aikinsa suka buga a 1990 ya nuna sida ce kan gaba wajen kashe maza baligai a birnin, a wajen mata kuma ita ce ta biyu, bayan mace-macen da suka shafi juna biyu. Bayan wannan lissafi babu sauran mai musu. Sai dai abin takaici, sai da mutanen suka mutu sannan aka ƙirga su.

Binciken gida-gida shi yana samun mutum da ransa, tun ana iya yi masa wani abu. Kafin 2005 ana kintatar yawan masu sida a ƙasar nan ne daga jinin mata masu zuwa awon ciki, ana cewa wajen kashi 7 cikin 100 na manya. Da aka shiga gidaje a 2005 sai aka samu kashi 4.7, aka kuma gano cewa cutar ta fi yawa ƙwarai a jikin mata, kashi 6.4, maza kuwa kashi 2.9. Haka nan binciken 2011 zuwa 2012 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 108 ba sa kai shekara biyar, a 2021 kuma suka sauko zuwa 74. Matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa sun sauko daga 614 zuwa 385 cikin kowace haihuwa 100,000. Da irin waɗannan alƙaluma ake zama a ma'aikata a ce yanki kaza ya fi bukatar gidan sauro, yanki kaza ungozoma, yanki kaza allurar ƙyanda. Da su kuma masu ba da agaji ke yanke shawarar inda kuɗinsu zai tafi. Wanda ba ya cikin lissafi, ba a tunawa da shi ranar rabo.

To, ina mu a cikin wannan lissafi? Nan gizo ke saƙa. Shi binciken bai san komai ba sai gida, wato mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna cin tukunya ɗaya, da baƙon da ya kwana wurinsu daren jiya. Ƙidayar 2021 ta ba Adjamé mutum wajen dubu 340, Treichville kuma dubu ɗari da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Adjamé da hantsi ya san masu neman abinci a wurin sun ninka haka, kuma da yawansu ba su da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Yaron da ya rako shanu cikin babbar mota tun daga Nijar ko Mali ko Burkina Faso, ya kwana huɗu a hanya yana tada wadda ta faɗi, ya zo ya kwanta a kara tsakanin dabbobi, a gidan wa za a same shi? Haka mai garba da ke kwana a rumfarsa, da mai gadin shago, da ɗan dako mai shimfiɗa kwali a tasha, da almajirin da ke kwana a barandar masallaci. Waɗannan su suka fi kowa shan sauro da raɓa da ruwa maras kyau, su ne kuma hannun mai zaɓe ba ya kai wa gare su.

A arewa ma haka abin yake, ko ma ya fi. Taswirar ƙidaya ta san ƙauye mai ginin ƙasa, wanda yake nan bara yake nan bana. Ita kuwa ruga, inda mai zanen taswira ya gan ta da kaka ba nan mai tambaya zai same ta da rani ba. Ko an yi dace an faɗa kan wasu gidajen makiyaya da suka zauna wuri ɗaya, ba su da yawan da za a ware musu shafi. Rahoton yana raba mutane ne tsakanin birni da ƙauye, yanki da yanki, mai hali da talaka, mai ilmin boko da maras shi. Babu layin makiyayi. Saboda haka rahoton ba zai gaya maka 'ya'yan ruga nawa suka sami cikakkiyar allura ba, ko matan ruga nawa suka haihu a hannun ungozomar asibiti. Wannan matsala ba ta tsaya kanmu kaɗai ba. Wani masani ɗan Ingila, Roy Carr-Hill, ya ƙiyasta a 2013 cewa mutum wajen miliyan 250 a duniya irin wannan bincike ke tsallakewa, ya kuma lissafa makiyaya da marasa muhalli da mazauna unguwannin talakawa na birane a cikinsu.

Abin da ke faruwa idan aka je aka duba, ƙasar Chadi ta nuna mana. Wajen shekarar 2000, masu bincike na cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan, tare da ma'aikatan lafiya da na dabbobi na Chadi, suka bi Fulani da Larabawa makiyaya har mashekarinsu a yankunan Chari-Baguirmi da Kanem. A cikin yaran da suka duba ba su sami ko ɗaya da ya kammala allurar rigakafi ba, alhali shanun iyayensu yawanci an yi musu. Daga nan aka fara haɗa likitan mutum da likitan dabbobi a mota ɗaya, da akwatin sanyi ɗaya, rana ɗaya a yi wa garke, a yi wa mata da yara, kuɗin aikin ma ya ragu. Mu tuna kuma da bushiya, annobar da ta taɓa share dukiyar kakanninmu. A 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa, kuma ba a kai ga haka ba sai da ma'aikata suka shekara da shekaru suna bin garke har ƙurmin daji, suna allura, suna ɗiban jini. Hukumar da ta san hanyar zuwa wurin saniya ba za ta ce mana ta ɓace hanyar zuwa wurin yaron da ke kiwon saniyar ba.

Yanzu mu juyo kan namu laifin, tare da yi wa kanmu adalci. Tsoron da muke yi yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Tun zamanin Turawa, duk ranar da aka ƙirga shanu jangali ne ke biyo baya, shi ya sa har gobe Bafulatani ba ya son a tambaye shi yawan dukiyarsa. A ƙasar nan mun ga katin zaman baƙi da aka kafa dokarsa a 1990, wanda ya zama sandar dukan talaka a kowane shinge, har sai da aka ɗauke wa 'yan ƙasashen CEDEAO shi a 2007. Mun ga rikicin Bouna na watan Maris 2016, inda hukuma ta ce mutum 33 sun rasu. Mun ga watan Mayun 2021, lokacin da wani hoton bidiyo na ƙarya ya sa aka far wa 'yan Nijar a unguwannin Abijan, aka farfasa rumfuna, har aka rasa rai, kuma watanni kaɗan bayan haka masu ƙidaya da masu binciken lafiya suka fito suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Mun ga rushe-rushen unguwanni na 2024, da tashin karar shanu daga Port-Bouët a watan Yunin 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya ce mana tsoron nan wauta ce, bai zauna inda muka zauna ba.

Amma fa mu auna da hankali. Ɓuyan da muka yi wa masu tambaya bai hana a rushe unguwa ba, bai hana a tashi kara ba. Abin da ya hana shi ne a san ciwonmu. Mai neman korarmu ba ya bukatar lissafi, ido ya ishe shi. Mu masu neman haƙƙi mu ke bukatar lissafi, domin idan shugabanninmu suka je gaban hukuma suka ce 'ya'yanmu na mutuwa, tambayar farko da za a yi musu ita ce, su nawa? Daɗin daɗawa, wannan bincike yana da ƙa'idojinsa. Kafin a fara sai an karanta wa mutum bayani an nemi yardarsa, yana kuma da ikon ƙin amsa tambayar da bai so. Idan za a fitar da sakamako ana cire sunaye, hatta alamar wurin da aka yi tambayar ana gusar da ita a kan taswira, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a ƙauye, don kada a gane gidan. Abin da ya kamace mu shi ne mu san waɗannan ƙa'idoji, mu tsaya a kan sai an cika su. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna ƙasar nan baƙi ne. Ƙyanda da tarin fuka ba sa tambayar katin kowa, don haka lafiyar ɗan ƙasa ma ba za ta tabbata ba muddin ba a san halin da maƙwabcinsa ke ciki ba.

Dalilin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne, a watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin shirin DHS, bayan shekara 40 tana biya, aikin ya tsaya cak a ƙasashe da dama. Daga baya gidauniyar Gates ta ba da tallafin wucin gadi don kada abin ya mutu gaba ɗaya. Darasin a fili yake, tuwon wani ba ya raba ka da yunwa har abada. Dole ƙasashenmu su ɗauki nauyin sanin lafiyar mutanensu da aljihunsu. Tunda kuwa za a sake zama a tsara yadda aikin zai ci gaba, yanzu ne lokacin da ya dace mu sa baki, tun ba a sake zana shi ba tare da mu ba.

Ga abin da muke nema daga hukumar ƙididdiga da ma'aikatar lafiya. Na farko, a ware wa makiyaya masu yawo kaso nasu a cikin zaɓen, yadda za a iya fitar da lissafinsu daban. Ba sabon abu muke roƙo ba. Ƙasar Somaliya ta yi haka a bincikenta na 2020, inda ta raba jama'a gida uku, birni da ƙauye da makiyaya. A yankin Afar na Habasha kuma, a 2012, masu bincike na Bankin Duniya sun gwada zaɓen wurare a kan taswira ta ƙuri'a, su je su tambayi duk wanda suka tarar a kewayen, ko yana da gida ko ba shi da shi. Na biyu, a birni a riƙa yin ƙaramin bincike na musamman a kara da kwata da tashoshin mota da kasuwanni, da daddare ko da asuba, lokacin da masu kwana a wurin suke nan. Na uku, a ɗauki 'ya'yanmu masu ilmi, musamman mata, masu jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, a horar da su a sa su cikin masu tambaya. Matar ruga ba za ta gaya wa baƙon namiji ɓarin da ta yi ba, balle ta bakin tafinta, kuma ko ta buɗe baki kunya ba za ta bari ta ambaci ɗan fari ba. Wanda bai san wannan al'ada ba, lissafinsa zai fito da giɓi bai sani ba. Na huɗu, a sa cututtukan da ke tsakanin mutum da dabba cikin abin da ake dubawa, kamar bakkale mai sa shanu ɓari, wadda ke kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa mahaifa, da tarin fuka na shanu. Cibiyoyin yaƙi da tarin fuka na nan a Adjamé da Treichville, babbar cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasa ma a Adjamé take, tafiyar ƙafa daga inda muke saye da sayarwa. Na biyar, idan an gama a dawo a gaya mana abin da aka samu, da harshenmu, a masallaci ko a rediyo, domin wanda aka ɗebi jininsa ya cancanci ya ji sakamako.

Mu kuma ga namu. Sarakunan Hausawa da na Fulani, da arɗo-arɗo, da limamai, da shugabannin kara, su nemi a sanar da su kafin masu tambaya su iso, su duba takardarsu, in ta tabbata su yi shela a karɓe su. Magidanta su bar iyali su amsa da kansu, kada maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kowa lafiya lau alhali yaro na ciki yana fama. A faɗi gaskiya a kan 'ya'yan da suka rasu, ko da zuciya ba ta so, domin ta wannan hanya ce za a ceci ƙannensu. A yi wa jarirai takardar haihuwa, a adana katin allura cikin leda tare da takardun shanu. Waɗanda ke da hali su yi rajistar inshorar lafiya ta CMU, wadda ta fara aiki a 2019 a kan jaka ɗaya ta sefa kowane wata, su kuma taimaka wa yaransu na aiki su yi. Sannan kowace ƙungiya tamu ta buɗe littafi nata, ta riƙa rubuta haihuwa da rasuwa da dalilinta a tsakanin membobinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai nuna wa mai gyara ba, haka zai kwana cikin ruwa.

Ya ku 'yan uwa, naman da Abijan ke ci, da ragon da take yanka ranar Layya, kaso mai yawa ta hannunmu yake shigowa, kuma ana rubuta dabbobin a bakin iyaka, ana rubuta su a kara, ana rubuta su a kwata. Muna so a riƙa rubuta mai korarsu shi ma, da matarsa, da 'ya'yansa, tun suna da rai. Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a kara da majalisa da bayan sallar Juma'a, a kuma aiko mana da ra'ayi don fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya albarkaci dukiya da zuri'a, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.